HAIHUWAR TAURARI A CIKIN GUNGU: DARASI DAGA GAJIMAREN ORIYON



Gabatarwa

Mutum in ya ɗaga kai da misalin ƙarfe tara na dare a watan Janairu, muddin hazo bai tare sama ba, zai ga wasu taurari uku masu haske sun jeru a layi ɗaya kamar an auna tazararsu da igiya. Waɗannan su ne ɗamarar tarin taurarin nan da Turawa ke kira Oriyon, Larabawa kuwa suka ce masa Jauza'u. Kudu da su kaɗan akwai wani gajeren jeri na taurari marasa ƙarfin haske, na tsakiyarsu ya yi dishi-dishi sai ka ce an hura masa hayaƙi. Wannan dishi-dishin shi ne Gajimaren Oriyon, wuri mafi kusa da duniya inda ake haihuwar manyan taurari da ƙanana tare.

Kusa ɗin nan kuwa da ma'aunin masana taurari ne. Haske yana tafiyar kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, kuma nisan da yake ci a shekara guda, watau kimanin kilomita biliyan 9,460, shi ake kira shekarar haske. Tsakanin duniya da Gajimaren Oriyon akwai kimanin shekarar haske 1,300.

Abin da wannan lacca ke son tabbatarwa abu ɗaya ne. Galibin taurari a gungu ake haihuwarsu, ɗaruruwa ko dubbai a lokaci guda, kuma 'yan ƙalilan manya da ke tsakiyar gungun su ne ke yanke makomar sauran. Su ke haska su, su ke ƙwace musu abinci, su ne kuma daga baya ke rushe gidan su watsa zuriyar. Maganar ta shafi kowa, domin akwai shaida mai ƙarfi cewa Rana ma a irin wannan gida aka haife ta.

Yadda aka gane gajimaren

Wani Bafaranshe mai suna Nicolas de Peiresc shi ne farkon wanda ya rubuta labarin gajimaren bayan ya dube shi da madubin hangen nesa a 1610. A 1617 Galileo na Italiya ya ga wasu taurari uku a cure a tsakiyarsa, daga baya aka ga na huɗu. Saboda siffar da huɗun suka yi, mai kusurwa huɗu marasa daidaito, aka sa musu suna Tirafiziyam. William Huggins na Ingila ya rarraba hasken gajimaren zuwa launukansa a 1865, ya tarar da alamar iskar gas mai zafi. A 1880 Henry Draper na Amurka ya ɗauki hotonsa, wanda shi ne hoton farko da aka taɓa ɗauka na irin wannan gajimare.

Duk tsawon wannan zamani hankali yana kan taurarin nan huɗu. Sai a 1931 Robert Trumpler ya lura cewa akwai ƙananan taurari da yawa kewaye da su, waɗanda hasken gajimaren ya dushe. Da aka ƙirƙiro na'urorin da ke ganin hasken infirared, watau hasken ɗumi wanda ido ba ya gani amma yana ratsa ƙura, sai ƙidayar ta yi ta hauhawa. A yau an san fiye da taurari 2,000 a gungun, yawancinsu ba su wuce shekara miliyan 1 zuwa 3 da haihuwa ba. In aka gwada da Rana, mai shekara miliyan 4,600, jarirai ne da ba a ko yanke musu cibiya ba.

Daga sanyi zuwa wuta

Abin mamaki, tauraro daga wuri mafi sanyi yake fitowa. A bayan gajimaren mai haske akwai wani katafaren gajimare baƙi ƙirin, na iskar haidirojin da hiliyam da ɗan burbushin ƙura, wanda nauyinsa ya kai na Rana sau dubbai da yawa. A 1970 Robert Wilson da Keith Jefferts da Arno Penzias suka kama siginar rediyo ta iskar kabon monoksaid daga Oriyon, kuma da wannan sigina aka riƙa zana taswirar irin waɗannan gajimarai masu duhu. A cikin lungunansu sanyi yakan kai digiri 260 ƙasa da sifiri a ma'aunin santigireti.

Ƙarfi biyu ke kokawa a cikin gajimaren. Na farko shi ne ƙarfin jan nauyi, wanda ke sa kowane abu mai nauyi ya jawo ɗan'uwansa. Na biyu shi ne turin da iska ke yi waje saboda ɗuminta da kai-komonta. Tun 1902 James Jeans na Ingila ya lissafa cewa in curin iska ya yi sanyi da kauri har nauyinsa ya wuce wani haddi, to jan nauyi zai yi rinjaye, curin ya fara rufta wa kansa. A 1953 Fred Hoyle ya ƙara wani bayani mai muhimmanci: yayin da curin ke matsewa yana ƙara kauri, haddin nan yana raguwa, saboda haka sai babban curi ya tsattsage zuwa ƙanana, kowanne yana rufta wa kansa dabam. Dalilin da ya sa ake haihuwar taurari a gungu ke nan. Gajimare ɗaya ne ya rabu gida dubu.

Kowane ɗan curi yana da ɗan juyi tun asali, kuma da ya matse sai juyin ya ƙaru, har iskar da ke gefe ta baje ta zama faifai mai kewaya jaririn tauraro. Ta wannan faifai abinci ke gangarowa cikin tauraron, a cikinsa kuma ƙura ke dunƙulewa ta zama duniyoyi. Nauyin da ke taruwa yana matse cikin tauraron yana zafafa shi, har ranar da zafin tsakiyarsa ya kai kimanin digiri miliyan 10. A nan ƙwayoyin haidirojin ke fara haɗewa suna zama hiliyam, wutar tauraro ta kama sosai. Tauraro mai nauyin Rana yakan ɗauki shekara miliyan 40 zuwa 50 kafin ya kai wannan matsayi. Babban tauraro kuwa cikin kimanin shekara 100,000 ya gama. Watau ƙanana suna rarrafe, manya sun riga sun kunna wuta a tsakar gida.

Manya a tsakiya

A 1955 Edwin Salpeter ya nuna cewa rabon nauyi tsakanin taurari yana bin wata ƙa'ida: gwargwadon girman tauraro, gwargwadon ƙarancin irinsa. A gungun Oriyon mafi yawan taurarin ba su kai rabin nauyin Rana ba, waɗanda suka ninka ta sau goma kuwa ana iya ƙirga su da yatsu. Lynne Hillenbrand da Lee Hartmann sun auna fasalin gungun a 1998, suka tarar da abu biyu. Na ɗaya, cunkoso a tsakiya ya kai inda tazara tsakanin tauraro da maƙwabcinsa ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na shekarar haske ba, alhali Rana tana nesa da maƙwabciyarta mafi kusa da fiye da shekarar haske 4. Na biyu, manyan taurari sun taru a tsakiya, ƙanana sun bazu har gefe.

Masana sun kawo bayani iri biyu a kan wannan tsari. Wasu, irin su Ian Bonnell da abokan aikinsa, suna ganin tsakiyar gungu kamar kwari take, inda iska ke gangarowa daga ko'ina, don haka jaririn da ya dace da zama a can shi ke samun abinci fiye da kowa, ya girma a inda yake. Wasu kuwa sun nuna cewa in taurari suna giftawa kusa da juna, mai nauyi yakan ba maras nauyi wani abu daga gudunsa, shi ya nitse ciki, ƙaramin ya tashi waje, kamar yadda tsakuwa ke komawa gindin ƙwarya in ana rege shinkafa. Hanyoyin biyu suna iya aiki tare, kuma duk wuri ɗaya suke kai manya.

Zama da maɗaukin kanwa

Mafi girma cikin huɗun Tirafiziyam shi ne wanda aka yi wa lamba Theta-1 C. Ya ninka Rana nauyi fiye da sau 30, zafin fuskarsa ya kusa digiri 40,000, haskensa kuwa ya kai na Rana kimanin sau 200,000. Yawancin wannan haske altarabayolet ne, mai ƙarfin da zai farfasa ƙwayoyin haidirojin ya zafafa iskar zuwa kusan digiri 10,000. Dishi-dishin da ido ke gani daga duniya, kusan duk aikin wannan tauraro ɗaya ne. Ya ƙone wani kogo a fuskar baƙin gajimaren, bangon kogon ne ke walƙiya. Bayan haske kuma yana fitar da guguwa daga jikinsa. A 2019 aka buga sakamakon awon da aka yi da SOFIA, wani madubin hangen nesa da aka ɗora cikin jirgin sama, wanda ya nuna guguwar ta tura iska mai nauyin Rana kimanin 2,600 tana faɗaɗa waje da gudun kilomita 13 a daƙiƙa.

Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. A 1993 Robert O'Dell da abokan aikinsa suka fitar da hotunan madubin Hubble, wanda aka harba sama a 1990, inda aka ga jariran taurari da faya-fayansu a fili. Waɗanda ke kusa da Theta-1 C kowanne ya yi siffar talibambam: kai mai haske yana fuskantar babban tauraron, wutsiya ta miƙe baya. Hasken ne ke dafa saman faifan, iskarsa tana tashi kamar tururi tana tserewa. An ƙidaya irinsu fiye da 150 a gajimaren. A 2024 aka bayyana awon da madubin James Webb ya yi wa ɗaya daga cikin faya-fayan, mai lamba d203-506, wanda ya nuna zai iya rasa iskarsa cikin ƙasa da shekara miliyan ɗaya. Duniya mai girman Jufita, wadda galibin jikinta iska ce, tana bukatar faifan ya daɗe kafin ta haɗu. Ashe ke nan irin duniyoyin da tauraro zai samu ya dogara har da inda ya zauna a cikin gungu.

Tafiyar taurari

Taurarin gungu ba a kafe suke ba. Ana gane tafiyarsu ta hanya biyu: a gwada hotunan da aka ɗauka shekaru da yawa tsakani a ga ɗan gocin da kowanne ya yi, sa'an nan a rarraba haskensa a ga ko yana matsowa ko yana nisa. A 1988 Burton Jones da Merle Walker suka auna gocin taurari kimanin 1,000 a gungun Oriyon, aka tarar suna kai-komo da gudun kilomita 2 zuwa 3 a daƙiƙa. Yana da kyau mai sauraro ya riƙe wannan ƙa'ida: tauraro mai gudun kilomita 1 a daƙiƙa yana cin fiye da shekarar haske 3 cikin shekara miliyan ɗaya. Da wannan ake mayar da tafiyar tauraro baya a gano inda ya taso.

Da irin wannan lissafi Viktor Ambartsumian na Armeniya ya kawo babban sauyi a 1947. Ya lura da wasu ayarin manyan taurari masu zafi da suka bazu ƙwarai, har jan nauyinsu ba zai iya riƙe su tare ba. Ya ce tun da har yanzu ana ganinsu wuri ɗaya, lalle ba su daɗe da haihuwa ba. Wannan ya zama hujja cewa haihuwar taurari tana ci gaba har gobe.

Akwai kuma gudaddun taurari. A 1954 Adriaan Blaauw na Holan da William Morgan na Amurka suka lura da wasu manyan taurari biyu, AE Aurigae a arewa da Mu Columbae a kudu, kowanne yana gudun fiye da kilomita 100 a daƙiƙa, sun juya wa juna baya, kuma in aka mayar da hanyoyinsu baya a Oriyon suke haɗuwa. A 2000 Ronnie Hoogerwerf da abokan aikinsa a Leiden suka maimaita lissafin da awon tauraron ɗan'adam Hipparcos. Suka nuna cewa kimanin shekara miliyan biyu da rabi da suka wuce, tagwayen taurari kashi biyu sun yi kiciɓis a yankin. Da aka yi cakuɗar, biyu suka riƙe juna, su ne Iota Orionis da ke ƙarshen gajeren jerin nan na kudu da ɗamara, biyu kuma aka cilla su kamar dutse daga majajjawa.

Irin wannan ya sake faruwa kwanan nan, da ma'aunin taurari. A 1967 Eric Becklin da Gerry Neugebauer suka gano wani tauraro ɓoyayye cikin ƙura a bayan Tirafiziyam, wanda infirared kaɗai ke nuna shi. Awon rediyo ya nuna shi da wani maƙwabcinsa suna guje wa juna daga wuri ɗaya, inda suka rabu kimanin shekara 500 da suka wuce bisa ga hasken da ke isowa duniya. A 2017 John Bally da abokan aikinsa suka fitar da hoton da madubin rediyo na ALMA da ke hamadar Atakama a ƙasar Cile ya ɗauka, aka ga harsunan iska da yawa sun fantsama ta kowace fuska daga daidai wurin rabuwar.

Watsewar gungu

Ƙarshen al'amarin yana hannun iskar da ta rage. Kashi 10 zuwa 30 cikin 100 kawai na iskar da gungu ke fitowa daga cikinta ke zama taurari. Sauran tana nan tsakaninsu, kuma nauyinta ne igiyar da ta ɗaure su. In manyan taurari suka kore ta da haske da guguwa, daga baya kuma da fashewar da suke yi ranar mutuwarsu, igiyar ta tsinke. Jack Hills ya lissafa a 1980 cewa in gungu ya rasa fiye da rabin nauyinsa farat ɗaya, gudun da taurarin ke yi ya isa ya fitar da kowa. Charles Lada da Elizabeth Lada sun gwada yawan jariran gungu da na tsofaffi a 2003, suka kammala cewa waɗanda ke tsira ba su kai kashi 10 cikin 100 ba.

Tauraron ɗan'adam Gaia, wanda Hukumar Sararin Samaniya ta Turai ta harba a 2013 ya kuma daina aiki a 2025, ya auna matsayi da tafiyar taurari fiye da biliyan ɗaya. Da awonsa Michael Kuhn da abokan aikinsa suka duba gungu da ayari 28 a 2019, suka tarar aƙalla kashi uku cikin huɗu suna buɗewa, galibi da gudun kusan rabin kilomita a daƙiƙa. Har ila yau awon irin wannan ya gyara wani zato: wasu ayarin ba su taɓa curewa wuri ɗaya ba, tun asali a warwatse aka haife su, rukuni-rukuni.

Misalin gungun da ya tsira sananne ne a ƙasar Hausa, watau Kaza da 'Ya'yanta, wadda malamai ke kira Surayya. Ido yana ganin shida ko bakwai, amma taurarinta sun fi 1,000, tana nesa da kimanin shekarar haske 440, shekarunta kuma sun haura miliyan 100. A 2001 Pavel Kroupa da Sverre Aarseth da Jarrod Hurley suka kwaikwayi rayuwar gungu irin na Oriyon a kwamfuta. Bayan korar iska yawancin taurarin suka watse, kimanin kashi ɗaya cikin uku suka riƙe juna, abin da ya rage kuma ya yi kama ƙwarai da Kaza da 'Ya'yanta.

Gidan da aka haifi Rana

Rana a yau ita kaɗai take tafe, amma ta riƙe alamun gidansu. Ranar 8 ga Fabrairu 1969 wani dutse ya faɗo daga sama kusa da ƙauyen Allende a ƙasar Meziko. A cikinsa akwai fararen ƙwayoyi masu shekara miliyan 4,567, waɗanda ba a san abin da ya girme su ba cikin duk abin da ya daskare a faifan Rana. A 1976 Typhoon Lee da Dimitri Papanastassiou da Gerald Wasserburg suka sami shaidar cewa ƙwayoyin sun taɓa ƙunsar wani nau'in alminiyam mai lamba 26. Wannan nau'i ba ya daɗewa, rabinsa yakan rikiɗe cikin kimanin shekara 700,000, kuma manyan taurari ne babbar maƙerarsa. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne wani babban tauraro ya zuba shi cikin gajimaren gab da haihuwar Rana. Zafin da ya fitar yayin rikiɗewa shi ya narkar da cikin duwatsun farko da suka haɗu suka zama duniyoyi, ƙarfe ya nitse tsakiya, dutse ya taso sama.

Shaida ta biyu ita ce Sedna, wata 'yar ƙaramar duniya ta ƙanƙara da aka gano a 2003. Ko a lokacin da ta fi kusantar Rana, nisanta ya ninka na duniyar nan sau 76, inda babu wata sananniyar duniya da za ta iya jefa ta. Giftawar wani tauraro a zamanin cunkoso tana iya yin haka. Amma kuma hanyoyin manyan duniyoyi takwas sun zauna daram, alamar ba a yi mummunan karo ba. Da Fred Adams ya haɗa waɗannan shaidu a 2010, ya kammala cewa gungun da Rana ta fito yana da taurari tsakanin 1,000 da 10,000, watau sa'an gungun Oriyon. Tun daga lokacin Rana ta kewaya tsakiyar babban tarin taurarin da take ciki kimanin sau 20, 'yan'uwanta kuwa sun ɓace cikin taron.

Kammalawa

A taƙaice, gajimare mai sanyi yana rufta wa kansa ya tsattsage, shi ya sa taurari ke zuwa a gungu. Manya suna riga kowa kunna wuta, suna zama a tsakiya, suna cinye faya-fayan maƙwabtansu, suna cilla wasu waje, sa'an nan su kori iskar da ta riƙe gidan. Tafiyar kowane tauraro kuma tana ɗauke da tarihin abin da ya same shi, ga wanda ya iya awo da haƙuri. Rana ta zauna kusa da manya har ta sami rabonta na alminiyam, ta kuma yi nesa da su yadda faifanta ya tsira ya haifi duniyoyi. Shi kuwa Theta-1 C, da yake babban tauraro yana ƙone mansa da gaggawa, cikin 'yan miliyoyin shekaru zai fashe, ya zuba abin da ya ƙera a cikin gajimaren da ke bayansa, inda wasu jariran taurari ke haɗuwa tun yanzu.